Ɗakin Bayan Tudu

Duk wanda ya san Kafinta ya san ba mutum ba ne mai rawar kai. Ya tsufa a rumfarsa ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo, fensir a bayan kunne, ƙusa a baki, yana haɗa wa mutane ƙofa da taga. Ko kaza bai taɓa kiwo ba. Shi ya sa ranar da ya ce zai rufe rumfa ya koma kiwon tumaki, mai faci ya yi dariya har tayar da ke hannunsa ta kuɓuce ta gangara kwata.

Wani tsohon likitan dabbobi ne ya ja masa. Ya kira shi gonarsa, ya ce ƙofofi yake so, ƙanana, masu sakata. Da Kafinta ya ji yawan ƙofofin, ya dubi ɗan filin, sai ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, kurkuku za ka buɗe wa tumakin ne?"

Tsohon bai ji haushi ba, ya ja shi suka zaga. An yanka filin gida-gida da waya, tumakin duk suna yanki ɗaya, sauran kuwa ba kowa sai ciyawa har gwiwa. Ya ce tunkiya kwaɗayayya ce. In ka sake ta a fili, tohon da ya fito jiya shi za ta bi ta tsinke, gobe ya sake leƙowa ta sake tsinkewa, har saiwar ta gaji ta mutu. Tsutsar ciki kuma a kashinsu take fita, ta ƙyanƙyashe a ƙasa, ta hau ciyawa tana jiran bakin da zai mai da ita gida. Amma in suka ci yanki ɗaya na 'yan kwanaki ka kora su gaba, ka rufe wancan ya huta, kafin zagaye ya dawo kansa ciyawa ta tashi, tsutsa ta gaji da jira ta mutu.

"Duk aikin a ƙofa yake," in ji tsohon. "Buɗewa kowa ya iya. Rufewar ce wuya."

Maganar nan ta shiga ran Kafinta ta ƙi fita. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana yin ƙofa, sai yau aka gaya masa ƙofa na iya tsirar da ciyawa! Ga shi aikin rumfa ya ja baya tun da ƙofofin ƙarfe suka cika gari, idonsa ma ya fara yi masa gardama da layin fensir.

Akwai filin da mahaifinsu ya bari a bayan gari, shi da yayansa, su biyu ke nan suka rage. Ba a raba ba. Gabansa titi, tsakiyarsa ɗan tudu, bayan tudun kuma ya gangara zuwa wata tsohuwar hanyar ƙasa da ba a cika bi ba. A nan suka tashi, a nan Kafinta ya fara fere sanda da wuƙar babansu, kuma ya fi son a yanke masa yatsa da a ce filin ya koma hannun wani. Yaya kuwa ya daɗe yana so a sayar. Kada ka ce mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Mutum ne da ƙafa ta ci amanarsa har ya bar aiki, ga samari sun girma a gidansa suna kwana kan juna, ga rufi yana yoyo. Ga kuma wani mai buga bulo da ke yawan zuwa gaishe shi, irin gaisuwar da kowa ya san da walakin.

Kafinta ya je ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Yaya ya saurara yana murza gwiwa.

"Auta," ya ce, don haka yake kiransa har yau da furfurarsa, "ba zan hana ka gwada sa'arka ba. Amma ka riƙe wannan. Abin da kake mora, ba mai taɓa maka shi. Abin da ke kwance kuwa, zan sayar in rufa wa kaina asiri. Ka yarda?"

"Na yarda, Yaya. Ai ko taki ɗaya ba zai kwanta ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ya tashi yana ta godiya.

Ya sayar da injin goge katako da rabin kayan rumfa, ya sayi waya da 'yan tumaki da rago guda. Turakun shinge da hannunsa ya fere su. Ƙofofin kuwa, kai! Ko attajiri bai taɓa yi wa irinsu ba. Ya goge, ya shafa mai, ya sa hinji mai kyau, sakata tana shiga ƙyas ba sai an buga ba. Da yake kafinta ne, yankunan sai ya riƙa ce musu ɗakuna: biyar a gaban tudu inda ake hangowa daga titi, ɗaya babba a bayan tudu. Suka saki gidan haya, shi da matarsa, suka tare a ɗan ginin da babansu ya bari a bakin filin.

"Maigida," in ji matar, ranar da ta gama zaga shingen, "tumaki ɗaki shida, mu ɗaki ɗaya da rabi. Ni dai in za a sake rabo, a sa ni cikin tumaki."

"Sai kin iya kukansu tukuna."

"Wanda na shekara ina yi a gidanka fa?"

Bakinta ne kawai. Ita ce ke cika kwamin ruwa tun kafin ya gama ɗaura takalmi, ita ke duba kofato, ita ta raɗa wa tsohuwar tunkiyar nan suna. Wata ce mai baƙin kunne ɗaya da aka ba shi gyara a kasuwa don ba mai so, tana tafiya tana harare-harare kamar baƙuwar da ba a shimfiɗa wa tabarma ba. Matar ta ce wannan ai Gwaggo ce, sunan kuwa ya bi ta.

Gwaggo ce ta fara gane tsarin. Duk safiyar da ciyawar ɗaki ta yi ƙasa, kafin Kafinta ya fito ta riga ta je ƙofar ɗaki na gaba, ta ɗora hanci a kan sakata, sauran sun yi layi a bayanta. Yana zare sakatar sai su kwarara ciki, shi kuma ya juya ya rufe wanda suka bari.

Damina ta sauka da kyau. Ɗakin da aka bari kamar an yi masa aski, kafin zagaye ya dawo sai ka tarar ya yi shar, ciyawa na shafar cikin tumaki. Suka yi ɓul-ɓul, aka fara haihuwa. Kafinta yakan tsaya a kan tudu da yamma, hannu a ƙugu, yana kallo. Daɗi yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya buɗe rumfarsa. Har mai faci ya zo ya gani, ya koma bai yi dariya ba.

Ana tsakiyar damina Yaya ya zo a bayan babur ɗin haya, da sandarsa. Ranar tumakin suna ɗakin da ke jikin gida, a dunƙule, kai a ƙasa. Yaya bai ƙarasa ciki ba. A bakin titi ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Auta, ina sauran tumakin?"

"Su ke nan, Yaya."

"To wannan duk fa?" Ya miƙa sanda, ya shafo ɗakunan da ba kowa.

"Hutawa suke."

"Su wa?"

"Ɗakunan. Ciyawar, wato."

Yaya ya yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Ni da na yi aiki har ƙafa ta mutu ban huta ba, sai ciyawa?"

Kafinta ya shiga bayani. Ya kawo saiwa, ya kawo tsutsa, ya kawo toho. Amma maganar da ta fito santala daga bakin tsohon likita, a nasa bakin sai ta riƙa fitowa a karkace, don tun yana yaro in Yaya ya zuba masa ido harshensa harɗewa yake. Daga ƙarshe ya ce, "Ka dawo bayan 'yan kwanaki, za ka gan su a ɗaki na gaba."

"In na gan su can, nan kuma ya zama kango ke nan. Kullum dai ɗaya ake ci, sauran na kwance. Ido ba mudu ba ne, Auta, amma ya san kima. Lungun nan ya ishi tumakinka." Ya juya wajen babur. "Zan dawo ƙarshen mako. Ka dai tuna maganarmu."

Abin haushin, Yaya bai yi ƙarya ba. Duk ranar da ka zo, ɗaki ɗaya za ka tarar ana ci. Ta ina za ka nuna wa mai tsayuwa a bakin titi cewa ɗakin da ba kowa yana aiki? Kafinta ya juya abin, ya sake juyawa, abinci ya ƙi shiga.

Ran da Yaya zai dawo, da sassafe, ya fita ya zare sakatar farko. Gwaggo ta shige. Ya wuce ya zare ta biyu, ya zare ta uku. Tunkiyar ta tsaya turus a tsakiyar ƙofa, ta dube shi, ta dubi ƙofar gaba a hangame, ta rasa inda aka ce ta tsaya. Can sauran suka ture ta, suka bazu ko'ina.

Matar ta yar da bokiti ta biyo shi. "Maigida, lafiya? Me kake yi haka?"

"Na yini ɗaya ne. Ya zo ya gansu ko'ina, hankalinsa ya kwanta, da yamma in mai da su."

"Kai da bakinka ka ce rufewar ce wuya."

"To in bar shi ya sayar da filin Baba? In fili ya tafi, ciyawar a kaina za ta tsiro?"

Ya doshi ƙofar bayan tudu. Nan ne ta riga shi, ta tsaya a gabanta ta baje hannu.

"Wannan kam a'a. Ba a hango shi daga titi, ba wanda za ka burge da shi. Ka bar mana shi na rani, ko ka bi ta kaina."

Ya dube ta, ya ga ba wasa, ya ƙyale. Ita kuwa don kada zuciya ta sake raya masa, ta samo guntun waya ta naɗe sakatar tam, ta murɗe bakin da filaya.

Yaya ya zo, ya tsaya a wurin da ya tsaya rannan. Tumaki fari-fari tun daga bakin titi har gindin tudu. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Yanzu na ga kiwo."

Har ya shigo ya zauna, ya ci abinci, ya ba su labarin yadda babansu ya taɓa bin Auta da bulala a kan ya fere ƙotar fartanya ya yi mota da ita. Suka yi dariya har da hawaye. Kafinta kuwa ransa biyu. Yana jin haƙoran tumakin a kan tohon da bai isa ci ba kamar a jikinsa suke, amma wannan "yauwa" ta Yaya, tun yana yaro yake nemanta, bai cika samu ba. Da yamma ya tattara su, ya rufe ƙofofinsa.

Da a ce abin ya tsaya nan, da da sauƙi. To amma tifar Mai bulo ta wannan titin take bi, safe da yamma, kuma duk ta zo daidai filin sai ta rage gudu. Ba a daɗe ba labari ya kai kunnen Yaya, ya faɗo musu ranar da ba a zata ba, ya tarar da tumaki a dunƙule a lungu ɗaya, sauran ɗakunan wayam. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi.

"Ashe wasan kwaikwayo ake yi mini, Auta? Ni za ka yi wa haka?"

Kafinta ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun babur bai ɓace ba ya bi ƙofofin nan biyar ya wangale su, ya tokare kowace da dutse don kada iska ta mai da ita.

Mai kallo daga nesa zai ce wauta ce. To kai me za ka yi? In ya rufe, fili ya tafi. In ya buɗe, ciyawa ta tafi. Gaba kura, baya sayaki. Shi dai ya lallashi kansa cewa na ɗan lokaci ne, Yaya zai huce, Mai bulo zai samu wani filin, sai a koma tsari. Ciyawa ai ba ta riƙo, in ji shi.

Ashe tana yi. Da fari gajarta ta yi, ta kwanta kamar tabarma. Daga nan ƙasa ta fara leƙowa a wuraren da tumakin suka fi so, sai wata ƙaya-ƙaya da ba sa ci ta mamaye gurbin. Sannan zawo ya shigo. Ƙananan suka daina tsalle, suka riƙa tsayawa a jikin waya, kai a sunkuye. Wasu haɓarsu ta kumbura kamar an cusa musu ruwa a leda. Matar ta kama ɗaya ta janye fatar idonsa, cikin fari fat, ba alamar jini.

Kafinta ya je shagon maganin dabbobi. Mai shagon ya ba shi na tsutsar ciki, ya ce, "Ka ɗura musu, amma ka canza musu wurin kiwo. In suka koma kan ciyawar da suka ɓata, aikin banza ne."

Shi ake gaya wa! Ya karɓi kwalbar ya kama hanyar gida.

Maganin yakan ɗaga su na ɗan lokaci, su sake kwantawa. Ƙananan suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, yana haƙa rami a gindin shinge. Ragon ma ya bi su. Kafin ruwa ya ɗauke, ɗakuna biyar sun koma dandali, ka tsaya a titi ka hango ƙadangare yana gudu a gindin tudu. Mai faci ya aiko a gaishe shi, bai zo ba.

Abu ɗaya ya rage musu. Wata yamma suka hau tudu su biyu, suka tsaya a jikin ƙofar da aka ɗaure. Ɗakin baya yana nan yadda aka bar shi. Ciyawa har ƙirji, samanta ya bushe ya yi ruwan zuma, gindinta kuwa da sauran kore, don wajen gangaren akwai laima. Ba kofaton da ya taka ta, ba tsutsar da ta rage a ciki.

"In muka sake su haka, za su tattake ta a banza," in ji matar. "Tsimi za mu yi."

"Shinge zan yi mara nauyi, wanda mutum biyu za su ɗaga. Mu ɗura musu magani, mu riƙa yanka musu kaɗan-kaɗan muna matsawa."

"Za ta kai mu ruwan farko na damina?"

Ya auna da ido, irin awon kafinta. "Za ta kai, in Allah ya yarda. Kafin nan na gaba sun huta dole, tunda ba abin ci a cikinsu."

Ta yi murmushi, rabon da ya ga haƙoranta an kwana biyu. "Ka ga amfanin taurin kaina."

Yana cikin haɗa shingen nan ne, da hantsi, ƙusa a baki, ya ji kukan tifa. Ba daga titi ba, daga bayan tudu. Ya tofar da ƙusoshin ya haura da gudu, matar na biye.

Tifar tana tsaye a tsohuwar hanyar ƙasa. Yaya na dogare da sanda a jikin waya, Mai bulo a gefensa, wani mai awo yana jan tef cikin ciyawa. Har an kafa turaku masu jan fenti a kusurwa biyu.

"Auta, zo ka ji!" Yaya ne, murna fal fuskarsa, kuma murnar gaskiya ce. "Allah ya kawo mana mafita, ba wanda zai yi kuka. Na daɗe ina tunanin yadda zan ɗauki nawa ban taɓa dabbobinka ba. Sai bawan Allahn nan ya biyo ta baya neman yashi, ya zo ya ce mini akwai wani yanki da ko kofato bai taɓa shiga ba. Na zo na gani da idona. Ko kashin tunkiya ɗaya babu. Ƙofar ma a ɗaure take, har wayar ta yi tsatsa."

Kafinta ya ji matarsa ta ja numfashi a bayansa.

"Yaya, wannan ne abincinsu."

"Abincin da suka shekara ba su ci ba?"

"Ajiya ce. Don rani muka bar shi. Yaya, don girman Allah, ka ɗauki na gaba. Ka ɗauki biyu, ka ɗauki uku, ga su nan a bakin titi."

"In ɗauke inda dabbobinka ke kwana, duniya ta ce na kori ƙanena? Haba, Auta. Wannan bai ma kai rabona ba. Sauran ba gaggawa, tunda kana mora. Na bar maka duk inda tumakinka suka saba."

"Ni ma nan ya fi mini," in ji Mai bulo, yana murmushi. "Ga yashi kusa, ga alamar ruwa."

"An riga an gama magana," Yaya ya ƙara, a hankali. "Kwanon rufi ma ya sauka a gida tun jiya."

Me zai ce? Shi ya durƙusa ya ce ya yarda. Shi ya tokare ƙofofi da duwatsu don a ga ana mora. Kafinta ya tsaya, ya rasa wanda zai ji haushi. Da ƙyar ya iya roƙon a bar shi ya yanki ciyawar.

"Ku yanka mana, ai ni kuka taimaka," in ji Mai bulo. "Katafila sai da safe za ta zo."

Matar da kanta ta kwance wayar. Tsatsa ta kama, sai da ta yanke ta a yatsa. Kafin ta gama, Gwaggo ta riga ta iso, ƙashin bayanta a waje, ta ɗora hanci a kan sakata. Aka buɗe, 'yan da suka rage suka shige, ciyawa ta haɗiye su, sai motsinta kake gani da ƙarar tauna. Rabonsu da irin wannan ci tun tsakiyar damina.

Su kuma suka sunkuya da lauje. Mutum biyu da suka ba hamsin baya, ɗaya ido ya raunana, ɗaya yatsa a naɗe da tsumma. Suna yanka suna ɗaurewa, suna jidowa su tsallake tudu. Sai da rana ta karkata, matar ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni na ɗaure ta."

"Ni na buɗe sauran," ya ce.

Da rana ta faɗi, tarin da suka yi a bayan ɗaki bai wuce ƙugu ba. Suka waiga, ɗakin baya kamar ba a taɓa shi ba.

Da safe katafila ta zo. Kafinta ya tsaya a kan tudu yana kallo tana tura ciyawar gaba kamar ana naɗe shimfiɗa. Ƙasar da ta bayyana baƙa ce, mai laima, ga tana na motsi a ciki. Ya sauka ya ɗauki wani curi da ya gangaro gefe. Saiwar ta kai tsawon hannunsa, a cukurkuɗe, da ranta. Ga shi nan dai, duk abin da tsohon likita ya faɗa gaskiya ne. Ya juya yana neman wanda zai nuna wa. Yaya na gida wajen masu rufi. Direban katafila ne kawai ya leƙo ya ce, "Baba, matsa kada in taka ka."

Tarin ciyawar bai je ko'ina ba. Da ya ƙare, Kafinta ya kira mahauci. Mutumin ya bi tumakin yana matsa bayansu yana girgiza kai, ya kwashe su a yadda ya ga dama. Da ya zo kan Gwaggo ya ce wannan ko kyauta ba ya so, ba abin da zai cira a jikinta sai zagi. Haka ta rage ita kaɗai, matar na ba ta ɓawon kayan miya da ragowar abinci.

Mai bulo bai ɓata lokaci ba. Ya haƙa rijiya, ya kafa inji, ya ja katanga a kan tudu daidai inda shingen yake. Wata rana ya zagayo ta gaba, ya tsaya yana shafa ɗaya daga cikin ƙofofin da ke tokare da dutse.

"Kafinta, katako mai kyau haka yana lalacewa a rana? Ni kuwa falankan ɗora bulo nake nema. In za ka yanka mini su, aiki ne na ba ka."

Kafinta ya dubi matarsa. Ta kau da kai. Gidan ba abin da ya rage a cikinsa, su duka sun sani. Ya ce to.

Ya fito da bencinsa gindin bango, ya bi ƙofofin yana kwance hinji, yana zuba sukurori a gwangwani. Sakatun ya tara su gefe, bai san me zai yi da su ba. Yana cikin jan zarto ne babur ya tsaya a titi. Yaya ya sauko, ya fi dā haske, ya ce rufi ya yi kyau, ko ɗigo babu, ya kawo musu 'yar tsaraba a leda. Sannan ya juya ya dubi filin. Ya daɗe yana kallo, tun daga bakin titi har gindin katanga. Da ya yi magana, a tausashe ya yi, kamar mai tambayar jikin mara lafiya.

"Auta, to wannan duk fa?"

Ya miƙa sanda, ya shafo ɗakunan nan biyar.

Kafinta ya buɗe baki zai ce hutawa suke. Sai idonsa ya sauka a kan ƙofar da ke bisa benci, ya riga ya raba ta biyu. Ya rufe bakinsa.

Can Gwaggo ta taso daga inuwa. Ta ratsa ɗaki na farko, ta bi ta gurbin ƙofa ta shiga na biyu, tana tafe tana hutawa, ba ta ko sunkuya ba don ba abin sunkuyawa. Ta haura tudu da ƙyar. Ta je daidai inda sakatar take a dā, ta ɗora hancinta a jikin bulo, ta tsaya tana jira.

"Me take nema a can?" in ji Yaya.

Matar ta shige ɗaki. Kafinta ya gyara riƙon zarto, ya nemi layin fensir, ya kasa ganinsa.